Allurar da Ta Mutu Cikin Firji

Ranar Talata da hantsi aka turo saniya ta goma sha tara a kan amalanke, aka ajiye ta a ƙofar ofishin ƙungiya, ƙafafunta a sanƙare. Mushe ce, ko wuƙa ba a samu sa mata ba. Ina zaune a gindin ceɗiya da faifan gorona, a kan bencin da na shekara goma sha ɗaya ina zama, don haka duk abin da zan faɗa muku da idona na gani. Wanda ban gani ba kuma na ji, kunnena lafiyarsa lau.

Sunana Tsohuwa. Sunan kakata na ci, shi ya sa tun ina goye ake kirana haka, yanzu kuma sunan ya zo ya same ni. Aji uku na yi a makarantar yaƙi da jahilci, sai ku yi haƙuri da rubutuna.

Ƙauyenmu Tungar Gawo yana can bayan Ƙarfi. Muna da ƙungiyar manoma da makiyaya, ƙungiyar tana da ɗaki biyu, da firji mai aiki da hasken rana inda ake ajiye allurar shanu, da kwamfuta guda ɗaya da kowa ke alfahari da ita. Farkon damina aka yi wa shanun rugar Ardo Shitu allurar ciwon huhu daga wannan firjin. Wata biyu bayan nan ciwon ya shigo rugar ya yi ta kwasa kamar ba a taɓa tsira musu komai ba.

Likitan dabbobi ya zo daga Malumfashi a ranar. Ya buɗe firji, ya ciro wani ɗan ma'auni kamar akwatin ashana, ya duba, ya girgiza kai.

"Ruwa kuka yi wa shanun nan," inji shi. "Allurar ta mutu tun kafin a zuƙe ta. Kwana huɗu a jere firjin ya yi zafi lokacin da hadari ya rufe rana, batir ya yi sanyi. Akwai aikin da aka sa cikin kwamfutarku, da zarar zafi ya hau sai ya tura saƙo zuwa wayoyi. Wa ya samu saƙo?"

Babu wanda ya samu.

"To, an kashe mai gadin," inji likita. Ya hau motarsa ya bar mu da maganar.

Ardo Shitu bai ɗaga murya ba. Dogo ne, siriri, fiye da rabin shanun da suka mutu na marayun ƙanensa ne. Ya dubi jama'a ya ce, "Wa ke riƙe da na'urar?"

A nan ne bakina ya cuce ni. Shekara biyu ina bin gidajen suna da na biki ina cewa kwamfutar ƙungiya a hannun jikata Naja'atu take, ba mai taɓa ta sai da izininta, ko shugaba sai ya yi mata sallama. Rabinsa ƙari ne, amma an riƙe. Kan kowa ya juya wajen yarinyar. Tana tsaye a bakin ƙofa da hijabinta ruwan toka, marainiya ce, ni na raine ta, ni na sayar da tumakina ta yi karatun na'ura a Funtua.

Ta ce a bari ta duba. Ta zauna ke nan ta fara dannawa, Alhaji Maitama shugaban ƙungiya ya ce a tashe ta kada ta goge shaida. Aka kulle ɗakin, aka ba liman makulli.

"Zuwa Juma'a bayan an sauko masallaci," inji Ardo. "In ba a fito da wani ba, ita zan kai wa 'yan sanda. Ba ni da wani suna."

*

Washegari Ardo ya aiko da nasa mai binciken, garin ya samu abin dariya a cikin baƙin ciki. Buba mai bin sawu ya aiko. Tsoho ne kamar ni, da sanda da hular kaba, ya yi shekara arba'in yana bin satattun shanu daga nan har bayan Musawa. Yana iya duban ƙasa ya ce maka saniyar nan tana da ciki, wanda ya kore ta kuma yana ɗingishi. Amma wayarsa ma sai an karanta masa sunan mai kira.

"Buba," na ce masa, "kwamfuta kashi take yi ne da za ka bi?"

"Ke dai ba ni goro na ɗari, Tsohuwa. Kuma tashi ki raka ni. An ce duk abin da aka faɗa a garin nan ta bakinki yake wucewa."

"Ƙarya ake mini. Ta kunnena yake shiga, bakin kawai hanya ce."

Gidana muka fara zuwa. Naja'atu tana zaune a kan turmi, ba ta ci komai ba tun jiya. Buba ya tsuguna nesa da ita.

"'Yata, yi mini bayani kamar kina yi wa saniya. Su wa ke shiga abin nan?"

"Mu huɗu ne, Baba. Ni, da Alhaji Maitama, da Zaharaddeen mai yin allura, da Malam Rabe magatakarda. Kowa da sunansa da lambarsa ta sirri."

"Ɗaya zai iya kashe mai gadin firji?"

"Ba kashe shi aka yi da hannu ba. Ɗan abin da na gani kafin a tashe ni ke nan. Na'urar tana da ƙwaƙwalwa, kamar rumbu ce, tana da iyaka. Duk aikin da ke tafiya yana ɗiba daga ciki. In wani aiki ya cinye duka, ita da kanta take fara kashe wasu don ta samu numfashi. A kwanakin nan huɗu wani abu ya cika rumbun, sai ta kashe mai gadin."

"To wanda ya fi haɗama shi ne ɓarawonmu."

"Shi ne abin da ya ɗaure mini kai. Na yanka wa kowane suna tiyarsa tun bara. In ka shiga da sunanka, ba ka isa ka wuce rabonka ba, ko me ka buɗe. Kuma a lokacin da abin ya faru babu sunan da ya shiga. Ko ɗaya."

Buba ya gatsa goro. Ya ce, "An cinye hatsi, ƙofa a rufe, babu sawu a bakin ƙofa."

"Haka ne, Baba."

"Akwai makullin da ya fi na kowa?"

"Akwai babbar lamba. Ni na san ta. An kuma rubuta ta a takarda an sa a ambulan cikin akwatin ofis, saboda ko na mutu." Ta sunkuyar da kai. "Shi ya sa kowa ke cewa ni ce."

*

Ni na kawo wa Buba sunan Zaharaddeen, Allah na tuba. Na ce yaron nan kullum da azahar ina jiyo ihun ƙwallo daga ɗakin, shi ke cinye ƙwaƙwalwar.

Mun same shi a bayan gidansu yana wanke sirinji. Idanunsa sun yi ja. Shi ya tsira wa shanun allurar da hannunsa, tun da suka fara mutuwa bai sake bin hanyar ruga ba.

"Ƙwallo ina kallo, ban musa ba," inji shi. "Amma tambayi Naja'atu. In na buɗe wasa biyu lokaci guda sai abin ya rufe mini a fuska. Sau nawa na roƙe ta ta ƙara mini, ta ce ba ta ƙara wa ko ubanta. Kuma a satin da firjin ya yi zafi ina Funtua, matata tana asibiti wajen haihuwa. Wayata tana aljihuna dare da rana, Baba Buba. Da saƙo ya shigo da na hau babur na dawo ko ana ruwan ƙanƙara."

Ya juyo kaina. "Inna Tsohuwa, ke kika kawo sunana ko?"

"Ni? Rakiya kawai na yi."

"Ranar sunan ɗiyata ke kika fi kowa cin nama."

Na ja Buba muka wuce, don gaskiya ya faɗa.

*

Na biyu shi ne Alhaji Maitama, shi ma ni na tuna wa Buba. Bara shanun Ardo sun shiga masararsa, aka yi cacar baki har gaban mai gari, Alhaji ya ce sai ya ga bayan rugar nan. Kowa ya ji. Kuma shi ya yi saurin sa a kulle ɗaki.

Mun same shi a zaurensa ana auna taki. Da Buba ya kawo maganar sai ya miƙe tsaye, babbar rigarsa tana rawa.

"Ni za a tuhuma? Ni da na kawo firjin garin nan?"

"Tambaya ce, Alhaji. Yaushe rabonka da shiga na'urar?"

Alhaji ya dubi yaran awo, ya kore su. Ya cire hularsa, ya zaro wata 'yar takarda daga cikin naɗin, ta yi baƙi da gumi har rubutun ya narke.

"Ga lambata. Ranar da aka ba ni na sa ta nan. Ban taɓa shiga ba, Malam Buba. Ban san inda ake dannawa ba. In baƙi sun zo zama nake a gabanta a ɗauke ni hoto." Ya nuna ni da yatsa. "Kuma in na ji wannan maganar a bakin rijiya, na san wadda ta kai."

Na rantse masa ba zan faɗa ba. Rubutawa dai ban rantse a kanta ba.

"Maganar bara fa?" inji Buba.

"Fushi ne. Takin shanun Ardo ne ke riƙe da gonata ta fadama. In rugar ta tashi wa zai zuba mini?"

*

Saura Malam Rabe magatakarda, kuma a nan ƙafar Buba ta yi nauyi. Sai da na ja shi.

Dole in gaya muku dalili. Shekara biyu da suka wuce ɗan Malam Rabe, Mus'ab, saurayi ɗan shekara ashirin da uku mai haya da babur, ya ɗauki fasinja zuwa kasuwar Musawa bai dawo ba. Ba gawa, ba waya, ba wanda ya nemi komai. Buba aka kira. Ya bi tayar babur ɗin kwana biyu cikin daji har inda ta hau kwalta, daga nan ƙasa ta daina yi masa magana. Uwar yaron ta kwanta ba ta tashi ba, aka binne ta da kaka. Tun daga nan Malam Rabe ya zama mutum mai shiru, shi ke fara zuwa ofis shi ke ƙarshen tashi.

Ya shimfiɗa mana tabarma, ya kawo ruwa. Gidan ba motsin kowa.

"Me kake yi da na'urar, Malam?" Buba ya tambaya, idonsa a ƙasa.

"Sunayen 'yan ƙungiya. Wasiƙu."

"Ambulan ɗin da ke cikin akwati fa?"

"Yana nan inda yake."

"Kana ganin yarinyar nan ta aikata?"

Malam Rabe ya dubi tabarma. Ya ce, "Naja'atu ba ta da mugunta." Da muka fito na ce wa Buba, wannan bawan Allah ko kaza ba zai iya cuta ba, mu bar shi da abin da ke damunsa. Buba ya gyara sandarsa ya yi gaba.

*

Ranar Alhamis aka wayi gari shanu biyu sun ƙara tafiya. Mata suka daina sayen gorona. Wata ta wuce ta tofar da yawu kusa da faifaina. Naja'atu ta ninke kayanta kala biyu ta sa a leda, ta ce in an tafi da ita kada in bi motar da kuka.

Buba ya zo da la'asar ya ce shi ya gaji da bakin mutane, zai koma wa ƙasa. Ya fara zagaya ofis a hankali, sanda a bayan wuya. Ni ina bencina ina kallonsa. Ya wuce ƙofa, ya wuce taga. Ya zo kusurwar gabas, ƙarƙashin indararo, inda rufin kwano ya tare ruwa ƙasar ta zauna da laushi ba ta wanke ba. Ya tsaya. Ya tsuguna. Ya daɗe har na zaci ƙafarsa ce ta riƙe. Sannan ya ɗaga kai sama.

A kusurwar nan akwai kyamara, an kafa ta tun zuwan firji don ta riƙa kallon ƙofar ɗakin allura.

"Tsohuwa, zo. Me kika gani a bangon nan?"

"Yanar gizo da gidan zanzaro."

"A gilashin abin fa?"

Na ƙanƙance ido. Gilashin yana ƙyalli kamar an wanke shi yanzu.

"Ina yake kallo?"

Sai a lokacin na lura. Ba ƙofar allura yake kallo ba. Ya juya mata ƙeya, ya fuskanci hanya, hanyar da 'yan kasuwar Musawa ke bi. Shekara nawa ina zaune a gabansa ban gani ba, ni da ake cewa ba abin da ke wuce ni.

Buba ya taka zuwa tsakiyar hanya, ya ɗaga sandarsa daidai inda gilashin ya nufa. "Ba ƙafa yake nema ba, ba taya ba. Nan ne kan mutum yake in yana bisa babur." Ya dawo ya nuna mini ƙasa. "Ga sawun da na samu. Ba na mutum ba ne, mutumin a kan abu yake tsayawa. Rami huɗu, uku masu faɗi, ɗaya ƙarami mai zagaye. An ajiye abin nan an ɗauke ya fi sau ɗari, ramukan sun hau kan juna. Tashi daga bencinki."

Na tashi. Ya kifa shi. Ƙafa uku na katako ne. Ta huɗun ta karye tun shekarar da aka yi ambaliya, maƙeri ya sa mini guntun bututun ƙarfe.

"Sawunki ne, Tsohuwa," inji shi. "Ke za mu kai wa Ardo?"

Wallahi sai da na yi salati. Ba don tsoro ba. Don na san wanda ke zuwa kowace safiya kafin in gama jera goro, ya ce, Inna ara mini benci in share yanar gizo. Ni kuma in ce ɗauka ɗan nan, Allah Ya yi maka albarka da tsabta. Ban taɓa waiwayawa na ga bangon da yake sharewa ba.

Na faɗi sunan a hankali. Buba ya rufe ido.

"Tun a gidansa na ji a jikina," ya ce. "Na ce masa yarinyar ta aikata? Bai ce bai sani ba. Ki riƙe bakinki zuwa gobe. In ya ji, ban san abin da zai yi wa kansa ba."

A rayuwata ban taɓa kwana da labari irin wannan a ciki ba. Goro uku na cinye don kada bakin ya samu sarari. Naja'atu ta tambaye ni me ya faru, na ce haƙori ke ciwo.

*

Bayan an sauko Juma'a aka taru a gindin ceɗiya. Ardo da mutanensa a gefe guda da sandunansu, Alhaji Maitama a kan kujera, Zaharaddeen a tsaye, Malam Rabe a bakin tabarma da littafin ƙungiya a cinyarsa. Naja'atu ta zo da ledarta. Liman ya buɗe ɗaki, aka jawo teburin na'urar zuwa bakin ƙofa inda kowa zai gani.

Buba ya ce, "Ardo, ka aike ni neman wanda ya shiga. Babu wanda ya shiga. Abin da ya ci rumbun a ciki yake kwana. 'Yata, akwai aikin da ke tashi ba tare da an shiga da suna ba?"

Na ga fuskar Naja'atu ta canja.

"Akwai, Baba. Irin mai gadin firji. Su da an kunna na'ura suke tashi da kansu, su yi ta aiki a ɓoye." Muryarta ta yi ƙasa. "Iyakar da na sa, a bakin shiga take kama mutum. Su ba sa bi ta nan. Nasu awon daban ake yanka musu, ɗaya bayan ɗaya. Ban yanka ba. Na ɗauka mai gadin ne kaɗai a wurin."

"Duba mana ko shi kaɗai ne."

Kafin ta taɓa, Buba ya juya. "Malam Rabe, ko kana da abin faɗa? Gara daga bakinka."

Malam Rabe bai ɗago ba.

Naja'atu ta danna, ta danna. Ta ce ga wani aiki da ba ita ta sa ba, yana jan hotuna daga kyamara, kuma yanzu haka ya ci fiye da rabin ƙwaƙwalwar. Ta buɗe inda yake ajiya. Fuskoki suka cika gilashin, ɗaruruwa, duk mutane a kan babur, wasu da rawani, wasu da buhu a baya. A can sama, shi kaɗai, hoto ɗaya babba: Mus'ab da rigar sallarsa shuɗiya, yana dariya.

Wata mata a bayana ta ce innalillahi.

"Wani mai gyaran waya a Funtua ya ce akwai manhajar da ke gane fuska," inji Malam Rabe. Kamar da ƙasa yake magana. "Ya ce in ta ga mai kama da ɗana za ta ware mini. Na sa ta da sunana, kullum sai ta mutu, wai rabona ya yi kaɗan. Na koma, ya ce in kawo babbar lamba zai sa ta yadda ba abin da zai tare ta. Na buɗe ambulan, na liƙe. Ranar kasuwa babura sun fi yawa, ita ma sai ta fi ci. Ban san tana taɓa firji ba. Wallahi ban sani ba sai ranar Talata."

"Daga Talata zuwa yau fa?" Ni ce na faɗa, ban san na miƙe ba. "Kwana uku, Rabe! Kana kallon marainiyar nan tana ninke kaya! A bencina kake hawa, ina sa maka albarka!"

"Na sani, Inna." Sai yanzu ya dube ni. "Kullum in na tashi sai in ce yau zan faɗa. Sai in tuna in na faɗa za a kashe ta. In aka kashe, ranar da zai wuce ba mai gani."

Na nemi zagin da zan yi masa, ni da ban taɓa rasa zagi ba. Ban samu ba. Na zauna.

Wani saurayi cikin mutanen Ardo ya ɗaga sanda. Ardo ya riƙe ta da hannu ɗaya bai ko waiwaya ba.

"Shanu ashirin da ɗaya," ya ce. "Na marayu goma sha biyu. Malam Rabe, da ka zo ka ce mini ga abin da kake nema, da na sa yarana sun tsaya maka a hanyar nan kowace kasuwa." Ya juya wajen Naja'atu. "Ajiye ledarki, 'yata. Kin yi sakaci, ba ki yi mugunta ba. Na ɗora miki abin da ba naki ba a gaban jama'a, a gabansu nake janyewa."

Naja'atu ta saki ledar ta faɗi. Ba ta yi kuka ba sai da ta zo ta sa kanta a kafaɗata.

Ba a kira 'yan sanda ba. Liman da mai gari suka yanke: Malam Rabe ya sauka daga magatakarda, gonarsa ta bakin rafi kuma ta koma hannun marayun rugar har su girma. Bai yi musu ba. Ya miƙa littafin, ya miƙa makullin akwati.

Alhaji Maitama ya ce, "To a goge wannan abin yanzu, a juya kyamarar inda take."

Naja'atu ta share fuska ta koma gaban na'urar. Ta ce za ta fara ware wa mai gadin firji rabonsa wanda ba mai taɓawa, sannan duk aikin da ke tashi da kansa ta yanka masa iyaka. Ta yi, muna kallo. Da ta zo kan na Malam Rabe sai hannunta ya tsaya.

"Ardo," ta ce, "zan iya goge shi. Zan kuma iya ba shi 'yar tiya, yadda ko ya mutu da yunwa ba zai taɓa na kowa ba. Amma ba zai iya kallon kowa ba. Cikin babur goma, wataƙila uku."

Ardo ya dubi hoton yaron ya daɗe. Buba yana gefe, ya cire hular kabarsa ya riƙe a ƙirji.

"Ni na ɓatar da sawun nan a bakin kwalta," inji Buba. "In da mai ci gaba da bi, ko na ƙarfe ne, ba ni zan ce a tsayar da shi ba."

"Ba shi ukun," inji Ardo. Ya tattara mutanensa suka tafi binne shanun da suka mutu jiya.

*

Rugar ba ta koma yadda take ba. Bayan girbi gida biyu suka tashi suka yi kudu. An sa wa ƙofar allura kwaɗo biyu tunda kyamara ba ta kallonta. Firji ya yi zafi sau ɗaya cikin watan tara, wayoyi huɗu suka yi ƙara lokaci guda, har da ta Alhaji, wanda ya zaci kiran gaisuwa ne.

Ni da Rabe mun yi wata guda ba na amsa sallamarsa. Yanzu kuma kowace ranar kasuwar Musawa sai ya zo da sassafe, ya tsaya nesa kaɗan, ba ya tambaya. Sai in matsa in bar masa gefen bencin, wajen ƙafar ƙarfe. Ba ya sayen goro, ba ya hira, ni ma da nake da labarin kowa ba na ba shi ko ɗaya. Na'urar tana duba ukunta a can sama. Sauran bakwai ɗin shi ke bin su da ido, tun daga kwanar rafi har su ɓace. Idan biyu suka zo tare, ya kan ce, "Inna, duba mini na bayan."

Sai in duba.